Injiniya Mai Kukan Talotalo

A shekarata ta biyu a Doha kamfani ya ba ni tuƙin wani injiniya Ba'amurke. Kullum da safe nakan taso daga Mansura in ɗauko shi, mu kama hanyar arewa inda ake aikin gas. Mutum ne marar surutu. Haka muke har watan Maris ya kama.

Ran nan muna tsaye a danja sai na ji kukan tsuntsu a kujerar baya. Na duba madubi. Oga ne, riƙe da wani ɗan akwatin katako, yana goga murfinsa a baki-bakin akwatin.

Na ce, "Oga, lafiya?"

Ya ce lafiya lau, kukan macen talotalo yake bita.

A garinsu, in ji shi, talotalo a daji yake, kamar zabo a wurinmu. Da sanyi ya wuce sai mazan su fara baza wutsiya suna kuka. Hukuma ba ta yarda a taɓa su sai barbara ta yi nisa, yawancin mata sun kwanta kan ƙwai. Sannan a buɗe farauta na 'yan makonni, maza kaɗai ake harbi. Maharbi ya laɓe a gindin bishiya ya yi kukan mace, namijin da ya rasa abokiya ya taho.

Na ce, "Wato da maganar aure ake kiransa."

Ya ce ƙwarai.

Na gaya masa kakana ma ba ya harbin zabi da farkon damina, lokacin da suke saka. Ya tambaye ni ranar da ake rufewa a wurinmu. Na ce ranar da tsoho ya ga hadari.

Oga ya riga ya nemi hutu a Afrilu don ya je gida farauta. Saura kwana tara wani inji ya tsaya a wurin aiki, aka ɗage hutun zuwa Yuni. Kafin nan an rufe farauta. Ya jefa akwatin cikin jaka, muka yi kwana uku motar shiru, har na fara kewar kukan.

Abokin ɗakina, wani Bazamfare, yana gadin wata gona a bayan gari, kuma ya taɓa ce min mai gonar yana kiwon talotalo. Ya nemo mana izini in kai Oga ya gwada akwatinsa a can. Ranar Juma'a bayan masallaci na je ɗaukar Oga, na tarar da shi cikin riga mai zanen ganye da hula irinta.

A gonar ya ce mu yi shiru. Ya zauna bayan buhunan dusa, ƙarƙashin dabino, ya goga akwatin. Ba amsa. Ya sake. A na uku wani ƙaton namiji ya amsa daga bayan garken awaki, ya fito a kumbure, fukafukai na jan ƙasa. Oga ko motsi. Na ga zufa tana zuba daga haɓarsa.

Talotalon ya wuce ta gabansa bai ko dube shi ba, ya nufi motarmu. Ya ga kansa a jikin ƙofa, ya hau faɗa.

Bazamfaren ya ce, "Oga, a kamo maka shi? Hannu ɗaya ne."

Na fassara. Oga ya ce a'a, tunda ya amsa ai an gama. Ya cire hula ya share fuska, yana dariya shi kaɗai. Ya ce ko a dajinsu akwai shekarar da bai samu haka ba.

Muka zauna kan tabarma muna shan shayi, talotalo yana ta saran ƙofa har ya gaji.

Ranar Lahadi mai kula da motocin kamfani ya ga fenti ya karce, ya miƙo min takarda in rubuta dalili. Na rubuta: tsuntsu. Ya dubi takardar, ya dubi ƙofar, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, ya sa hannu.