Baƙuwa daga Benin a Makokin Inna

Jama'a, yau na samu yaya a zaman makokin Inna!

Bayan azahar Kawu ya leƙo, ya ce wata mata ta zo kan babur daga Benin. Ta shigo da gicciye a wuya. Mata suka zuba mata ido.

Ta durƙusa ta ce, "Uwata ta rasu wajen haihuwata. Inna ce ta shayar da ni."

Gwaggo ta dube ta, ta ce, "Madalen? Wayyo, ɗiyata!"

Abu ɗaya Madalen ta roƙa, a nuna mata kabarin Inna. Kawu ya tambayi liman.

Liman ya ce, "'Yar'uwarku ce, ku zaunar da ita cikin dangi. Batun kabari kuwa, bari in yi nazari."

Tana ɗakin Inna yanzu. Liman bai aiko ba tukuna.