Malam Ɗanbala Magini da Bangon Cocin Bariki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Ɗanbala Magini a gidansa da ke Unguwar Bariki, a nan garinmu na kan hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram. Ya rasu yana da shekara saba'in da shida, bayan jinyar kwana huɗu.

Ɗanbala, tare muka yi makarantar allo. Ni na wuce boko na ƙare a aikin koyarwa, kai ka bi mahaifinka kan gini. Masallatai uku na san ka gina, da rumbuna da zauruka da ba su ƙirguwa daga nan har Sara. Waɗannan kowa zai faɗe su. Ni zan rubuta labarin ɗan cocin Metodis da ke jikin katangar gidanka, domin tarihinsa a bakinka yake, kuma ina tsoron ya bi ka.

Kamar yadda ka sha faɗa mini, leburorin hanya da wani malamin asibiti, mutanen Idoma, su suka roƙi dagaci fili a 1961. Mahaifinka ya gina musu ɗaki ɗaya na tubali, aka rufa da azara. Da rikicin 1966 ya tashi suka tafi gida, malamin asibitin ya bar mabuɗi a hannun mahaifinka. Shekara huɗu babu wanda ya shiga ɗakin, amma duk bazara sai tsohon ya kwaɓa jar ƙasa da makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa don ruwa ya riƙa zamewa, ya yaɓe bangon, kai kana miƙa masa. Da suka dawo suka tarar da ɗakinsu a tsaye. Da tsohon ya rasu ka ci gaba. Ban taɓa jin an zauna an ɗora maka ba.

Ba kowa ne ya so hakan ba. Ƙaninka Salihu, wanda shi ma magini ne a Zandam, ya yi shekaru yana cewa bai dace Musulmi ya sa hannu a ginin coci ba, kuma a gabanka yake faɗa. Kai ba ka iya jayayyar malamai ba. Abin da kake ce masa kawai shi ne: "Salihu, maƙwabcina ne. In bangon nan ya faɗi, a kan awakina zai faɗo." Sai ku ci tuwo ku rabu.

Dole in ambaci nawa kuskuren. A 2009, ina shugaban ƙungiyar ci gaban gari, na ba dattijon cocin shawara a shafe bangon da siminti a huta da yaɓen kowace shekara. Dattijon shi ne Ogbole, ɗan malamin asibitin nan, wanda a nan aka haife shi cikin watan azumi, har matan unguwa suka sa masa Ɗan'azumi, sunan ya bi shi. Ka gaya mana ginin ƙasa yana numfashi, in aka toshe shi da siminti, danshi zai taru a ciki ya cinye shi. Muka ɗauka kishin sana'a ne, muka sa aka shafa simintin. Damina biyu aka yi, simintin ya ɓamɓaro, ya tafi da rabin kaurin bango. Ka yi sati uku kana cike gurbin da hannunka. Har ka koma ga Allah ba ka tayar mini da zancen ba, ni ma kunya ta hana ni ba ka haƙuri. Yau na bayar.

Yanzu gida tara ne suka rage masu ibada a wurin, yawancinsu tsofaffi. Manyansu na birni sun sanar da Ɗan'azumi cewa in ginin ya sake lalacewa ba za a gyara ba, sai dai kowa ya riƙa neman mota zuwa Birnin Kudu duk Lahadi. Ka san da wannan. Bana ka fara yaɓe a makare saboda ciwon ƙafa. Ka gama kudu da yamma da arewa, ya rage gabas, inda hadari ke dukan gini. Ka kwaɓa ƙasarsa ranar Alhamis ka rufe da buhuna, ranar Juma'a ka kwanta.

Ranar sadakar uku Ɗan'azumi ya zo gaisuwa, ya zauna a gefen tabarma har azahar. Na ga yana ɗaga kai yana duban bangon gabas da ba a yaɓe ba. Matarka Kulu ce ta aiko daga cikin gida a gaya wa Salihu cewa tun ranar da ka kwanta take sa a yayyafa wa kwaɓin ruwa, kuma ba ta san abin da za ta yi da shi ba.

Washegari da sassafe na fito na sami Salihu a kan tsani a jikin bangon cocin, ya naɗe hannun riga. Na gaishe shi, na ce ashe ya sake ra'ayi. Bai waiwayo ba, ya ce: "Malam, ra'ayina yana nan. Amma kwaɓin yayana ba zai bushe a ƙasa ina raye ba." Ya gama kafin magariba. Kwana biyu bayan haka aka yi ruwan shuka da iska mai ƙarfi, bangon bai zubar da ko loma ɗaya ba. Yaɓen baɗi kuwa, ban tambaye shi ba, Allah ne masani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kulu, da 'ya'yanka Hawwa da Mansura, da Salihu, da maginan ƙasar Gwaram, da maƙwabtanka na Bariki baki ɗaya. Allah ya jiƙanka, Ɗanbala, ya yafe kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon riƙe haƙƙin maƙwabtaka, ya sa mu cika da imani. Amin.