Dakta Sa'idu da Makauniyar Karyarsa

Ina tsaka da ɗiga wa wani kare magani a ido aka kira ni a waya, aka ce Dakta Sa'idu ya faɗi a hanyar masallaci, rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ya koya mini aiki a asibitin dabbobin da muke yi a Dubai.

Mutum ne mai haƙuri da kowa, in ka cire masu kiwon karnuka don sayarwa. Sai su haɗa uwa da ɗanta wai kada iri ya gauraya, ciwon ido ya bi jini, sannan su kwaso masa 'ya'yan. Idan yanar ido ce, yakan yi tiyata ya cire. Idan kuwa can cikin idon ne ke mutuwa a hankali, ba ya yaudarar kowa: babu magani, a daina barin karen yana haihuwa. Abin da yake nanata wa masu karen shi ne, "Makahon kare haddace gida yake yi. Kada ku matsar da kujera ko ɗaya."

Wata karya da aka yar bayan ta makance, shi ya ɗauke ta, ya ba ta ƙaramin ɗaki a gidansa na unguwar International City, ya sa mata suna Lulu. Mutanenmu sun sha damunsa da zancen najasa. Yakan ce ai ruwa bai ƙare ba.

Ranar zaman makoki raina ya ɓaci. Mutanen da sai sun dubi hannunsa kafin su gaisa da shi saboda taɓa karnuka, su ne suka kwashe kujerun falo kaf, suka jibge a bakin ɗakin Lulu, suka shimfiɗa dardumai. Ta fito neman maigidanta, ta yi karo da tebur, ta juya ta bugi bango. Wani dattijo har da cewa a kai ta bayan gari a sake ta, khalas, magana ta ƙare. Na ce, "Alhaji, da girmanka, a gidanta kake zaune."

Matar marigayin, Hajiya Binta, za ta koma Kano da yara. Ta tambaye ni yadda za ta yi da Lulu, na ce ta bar mini. Yanzu Lulu tana wurina, tana koyon falona da goshi, na kuma gaya wa iyalina kujerun nan sun zauna ke nan.

Allah ya ba Hajiya da yara haƙuri. Allah ya jiƙan Dakta, ya haskaka kabarin mutumin da ya tausaya wa makafin da ba su da bakin godiya.