Kwaɗon Gwandar Bernice

Duk Gazara babu wanda ya taɓa ganin Bernice zaune na tsawon shan kofin koko. In ba ta gonar attarugu, tana coci tana gyara bencin da ba wanda ya ce ya karkace. Mijinta ma, kafin ya rasu, ya gaji da cewa ta zauna.

Abin da aka san ta da shi kwaɗon ɗanyar gwanda ne. Takan goge gwandar siri-siri, ta daka attarugu da albasa da citta, ta matse lemun tsami, ta zuba tafasasshen man gyaɗa a kai. Shekara talatin ba ta taɓa awo ba, harshenta ne mudunta. Sai ga gyambon ciki, likita ya raba ta da barkono kwata-kwata. Abin ya yi mata ciwo sosai. Tun daga nan maƙwabciyarta Rahmatu ta zama mai ɗanɗana mata, ana miƙa cokali ta kan katanga.

Da aka sa ranar auren autarta Hephzibah, babu wanda ya duba cewa ta faɗo cikin azumi. Dangin ango za su taso daga Hunkuyi, sun kuma ji labarin kwaɗon. Ranar bikin Bernice ta tashi da safe, ta goge gwanda goma sha biyu, ta miƙa cokali, sannan ta tuna Rahmatu na azumi.

Ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗauki cokalin ta ajiye. Ta ba matan zumuntar coci biyu su ɗanɗana, ɗaya ta ce ya yi, ɗaya ta ce da saura. Tsoronta ɗaya, a ce ranar auren 'yarta ce hannunta ya kuskure.

Rahmatu ta leƙo. "Maman Hephzibah, ajiye cokalin nan kada ki kwana asibiti. Shekara nawa ina jin dakanki? Ba kya daina ƙara attarugu sai kin yi atishawa uku. Ni tabbatarwa kawai nake yi."

"Ni? Atishawa?"

"Daka ki gani."

Ta daka, ta ƙara, ta sake ƙarawa. A atishawa ta uku hannunta ya saki taɓarya da kansa. Haka aka kai kwaɗon wurin biki, ba ta san ɗanɗanonsa ba, tana ta zagaye rumfa tana leƙen fuskokin baƙi. Robar kwaɗon ta dawo kamar an wanke.

Ta riga ta ɓoye ɗan kwano. Ana kiran magariba ta kai wa Rahmatu, ta tsaya a kanta. Rahmatu ta ci, ta daɗe tana taunawa.

"Barkono daidai. Gishiri ne kika manta gaba ɗaya."

Bernice ta nemi turmi ta zauna, ta yi dariya har hawaye. Ta ce, "Kuma suka cinye." Sai a lokacin ta lura gidan ya yi shiru, Hephzibah ta tafi.