Ranar da Wanzam Issahaku Ya Dakushe Askarsa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Oktoba 1960, da hantsi, ina tsaye gaban sikelina a filin jirgin sama na Tamale, direban motar wasiƙu ya leƙo ta taga ya ce mini Baba Issahaku Wanzam na Lamashegu ya cika bayan sallar asuba. Kwana huɗu kawai ya yi a kwance. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Na dubi sahun masu salla, ban ga kan da bai taɓa shiga hannunsa ba, har da na liman.

Baba Wanzam, ni ba mai yabon mutane ba ne, kai ma ka sani. Shekara goma sha tara ke nan da na baro Mani ta ƙasar Katsina da niyyar yin damina biyu, ga ni har yau ina auna akwatunan mutanen da za su gida. Da aka sauke tutar Bature aka ɗaga ta Ghana, kowa ya sami ƙarin girma, ni kuwa fenti aka sake wa sikelina. Wanda ya ga haka ba ya saurin cewa wane mutumin kirki ne. Amma kai zan faɗa, kuma ba zan ƙara maka abin da ba naka ba.

Kana da surutu. In ka ce za ka zo da hantsi, a jira ka da la'asar. Kakanka Bakano ne, amma Hausarka ta kasuwar Tamale ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinka; na gyara maka har na gaji, kai kuma ka ce Hausata ce mai tsada, ba ta sayen doya. Ba ka taɓa kirana da sunana ba, sai Karachi, wato akawu, kamar yadda mutanen nan ke cewa. Duk da haka, shekarar da zazzaɓi ya kayar da ni a ɗakin haya a Kanvili, ba ɗan'uwa ba maƙwabci, kai ne ka lura Juma'a ta wuce ban zo aski ba. Ka biyo ni da ƙahonka, ka aiko matarka Azeta da koko kwana tara, ka zauna bakin ƙofa kana ba ni labarin da ban tambaye ka ba, har na warke don in huta da kai.

Abin da zan rubuta dai shi ne na watan Satumba 1958, domin shekara biyu kana ba da shi a hanyarka, ni kuma ban sami bakin magana ba sai yau.

'Yarka Hasanatu tana aure a Nima, can Accra. Sau huɗu tana haihuwa cikin shekara goma sha ɗaya, babu wanda ya kai ranar suna. Na biyar ya zo namiji, ya kwana biyar da ransa, sai surukinka ya bugo waya cewa ya yankar maka tikiti, ka taho ka yi wa jikanka askin suna. Ruwa ya cika a Yeji, motoci sun yi layi a bakin kogi, hanya ba ta biyuwa. Jirginmu kuwa sau biyu yake zuwa a mako. In ka rasa na ranar nan, za a raɗa suna ba kai.

Ka iso da babbar riga da zabirarka a kafaɗa, rabin Lamashegu na biye da kai. A watan nan ne kamfanin jirgin ya aiko da takarda: duk abu mai kaifi ba ya shiga wurin zaman fasinja, sai a ɗaure shi cikin kaya. An ce wani ne ya tsaya gyaran gemu a sama, jirgi ya yi tsalle da shi, ya sauka da rabin kunne. Ban gani ba, amma takardar na gan ta. Reza in tana cikin kwalinta an yarda. Askar wanzami ba a yarda ba.

Ka miƙo zabirar ba gardama, da almakashi da ƙaho da sauran asake. Guda ɗaya ka zare ka sa a aljihun ƙirji. Ita ce wadda kakanka ya zo da ita daga Kano ta hanyar fataken goro, wadda ta sauke gashin fari na kowane ɗa a gidanku, washi ya cinye ta har ta koma kamar ganyen gero. Na ce ita ma a kawo. Ka ce in nuna maka inda za a ajiye ta. Na kai ka wutsiyar jirgi na nuna maka ɗakin kaya, ka tambayi ƙaramar ƙofar da ke jikinsa, na ce masai ne. Ka dube ni kamar na zagi mahaifinka. Kuben askar akwai laya ɗinke a jikinsa, da sunayen Allah.

Mista Nortey, sabon manajanmu mutumin Accra, ya saurare mu, ya ce maganar sikeli ta Karachi ce, ya shige ofis ya rufe ƙofa. Na ce maka akwai wanzamai a Nima. Na ce ka sayi reza a kanti. Ka ce, "Karachi, abin yanke farce zan sa ma jika na a kai? Yaron nan shekara sha ɗaya ina jiran shi, askan ma yana jiran shi." Na ce ni takarda aka ba ni. Matuƙi ya riga ya tayar da inji ɗaya.

Sai ka ce in karanta maka takardar da Hausa. Na karanta. Ka ce in sake. A karo na uku ka tsayar da ni.

"Mai kaifi ya ce, ko mai suna aska ya ce?"

Na ce mai kaifi.

Ka tattare riga ka zauna a matakalar siminti ta bakin ofis, ka buɗe askar kakanka, ka kafa bakinta a kan simintin ka fara ja. Wanda bai san wanzami ba ba zai gane abin da muka gani ba. Mutumin da ba ya barin kowa ya taɓa bakin askarsa ko da yatsa, shi ne yake goga ta a ƙasa kamar mai kankare tukunya. Madam Abla mai kifi ta toshe kunne. Kai kuwa kana yi kana ba mutane labarin yadda ka taɓa yi wa wani Bature aski ya yi barci. Amma na lura ba ka dubi askar ba ko sau ɗaya.

Da ka gama ka miƙe, ka kama haɓata a gaban fasinja goma sha uku, ka ce tun da ni ne alƙali, a gemuna za a yi shari'a. Ka ja askar daga kunne zuwa kunne. Ko gashi ɗaya bai faɗi ba. Na gwada ta a kan igiyar ɗaure kaya, ta ƙi. Mista Nortey ya fito yana dariya har yana riƙe ciki, ya sa hannu a bar ka ka hau da ita. Sannan ka ciro dutsen washinka ka ɗora a sikelina, ka tambaye ni da ladabi ko kamfani yana da magana a kan dutse. Kamfani ba shi da ita. Kai ne na ƙarshe da ya hau, ka juyo daga bakin ƙofa ka ce in gaida gemuna.

Bayan mako guda ka dawo da goron suna. Yaro ya ci sunan Imoru, ka sauke masa gashi da askar gidanku, yana nan da ransa, an ce har ya fara surutu irin naka. Tun daga ranar ba wanda ya zauna a tabarmarka bai ji labarin ba, kuma kullum ni ne nake ƙara muni a ciki. Har ta kai ga kana cewa ba siminti ne ya kashe askar ba, gemun Bakatsine ne. Nakan ji haushi, in kuma dawo ranar Juma'a.

A wurin sadakar uku ne Azeta ta sa aka kira ni zaure. Ta kwance wani ƙyalle ta nuna mini askar, bakinta a tsage. Ta ce da ka sauka Accra, daga azahar har magariba kana kan dutse kafin kaifin ya dawo, kuma ɗan ƙarfen da ya rage ke nan. Askar ta aske kan Imoru, washegari ta tsage a hannunka. Ba ta sake taɓa kan kowa ba. Ta ce ka sa ta yi alkawari kada in ji, wai Karachi abin da ke damun shi ya ishe shi.

Baba Wanzam, ba zan ce na yi kuskure ba, domin ka san ba na ƙarya ko a gaban kabari. Aikin da aka ba ni na yi, in an sake yau haka zan sake. Amma askar da ta yi wa gidanku aiki tun daga kakanka a bakin ofishina ta ƙare, kai kuma ka mai da abin wasa shekara biyu don kada in ɗauki nauyinsa. Na ɗauka yanzu. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mma Azeta, da Hasanatu da maigidanta, da wanzamai 'yan'uwan marigayi, da jama'ar Lamashegu baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa. Imoru kuma Allah Ya raya shi, Ya ba shi tsawon rai. In ya yi wayo a gaya masa abin da askin sunansa ya ci, kada a ɓoye masa kamar yadda aka ɓoye mini. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Labaran Mani
Filin jirgin sama, Tamale