Zayyad da Idon Ɗantala

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya waye da yayyafi, tashar motar Gumel duk ta zama taɓo. Ni faci nake yi a bakin tashar, shekara talatin ke nan, don haka a gabana aka yi.

Zayyad ɗan wani tela ne, Malam Manu. Karatun likita yake yi a Kano, makarantarsu ta turo shi wata biyu wani ƙaramin asibiti a Gagarawa. Kullum sai ya sa hannu ƙarfe takwas, in ya rasa kwana goma ya maimaita shekara. Ba shi da mota, ba shi da babur. Da ƙafa yake zuwa tasha, farar rigarsa a cikin leda. Ɗantala direba ne ke fita da motar farko, kuma saboda mutuncin Malam Manu yake ajiye masa gidan gaba. Wata rana ma ko mota ba ta cika ba sai ya tashi, don kada yaro ya makara.

To wannan safiya Ɗantala ya zo fita, sai ya ture mini bokitin ruwa da gefen motar na hagu. Abin dariya ne. Amma Zayyad ya buɗe baki a gaban fasinja ya ce, "Kawu, idonka na hagu ba ya gani. Sati uku ina lura da kai. Bai kamata ka ɗauki mutane ba."

Mata biyu suka sauka da kayansu.

Ɗantala ya kashe mota. Ya ce, "Ɗan tela, yaushe aka gama ɗinka maka likitancin? Sauka, ka je ka duba idon hanya."

Abin da yaron bai sani ba, duk tashar ta san da idon nan. Shi ya sa aka bar wa Ɗantala hanyar Gagarawa, da rana kaɗai, aka hana shi Kano da Maigatari. Ba mai faɗa. Da aka faɗa a fili kuwa, dole shugaban direbobi ya karɓe mukulli daga hannun Ɗantala. Mutum mai 'ya'ya takwas.

Daga nan kowace mota Zayyad ya nufa sai a ce, "Likita, ta cika," ga kujeru a fili. 'Yan acaɓa rabinsu 'ya'yan direbobi ne, su ma ba su da mai in shi ne.

Ya zo wurina ya durƙusa. "Baba, ka sa baki."

Na ce, "Ka ɗauki mahaifinka ku je gidan Ɗantala, ka ce kuskure ka yi."

Ya ce, "Zan ba shi haƙuri kan wurin da na faɗa. Amma idon ba ya gani, Baba."

Ban sa baki ba. Ya ari keke, ga damina, ga nisa, ga ƙaya. Sau huɗu yana kawo mini faci. Na yi masa, aiki aiki ne, amma ban yi sauri ba. Kwana goma sha biyu ya rasa.

Yanzu Zayyad yana Kano, abokan karatunsa sun wuce shi da shekara ɗaya. In ya zo gida, a bakin gari yake sauka, ba ya shigowa tasha.