Ranar da Lasifika Ta Mutu

Ba a taɓa kafa mulki a doron ƙasa ba sai da mai ɗaga murya. Babban mutum ba ya ihu. Yakan yi magana ƙasa-ƙasa, wani na gefe ya ɗauka ya kai wa jama'a. Na riƙe wannan muƙami na yini ɗaya tak.

Lokacin ana gina madatsar Bakolori, sojoji na shirin miƙa mulki, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Talata Mafara. Wani Alhaji dillalin shanu ya fito takarar majalisar jiha, ya ɗauke ni in riƙa gyara masa jawabi, don an ce masa na san inda ake ɗiga aya.

Muka je wani ƙauye a ƙasar Maradun, garin su mahaifiyata, inda kawuna ke noma fadama a bakin gulbi. Tambayar garin ɗaya ce: in aka tare gulbi, ina ruwa zai tsaya? Kawu ya fi kowa son amsa, domin surukinsa ya yi masa tayin gona a tudu wajen Damaga, in zai karɓa kafin damina.

Alhaji na hawa bayan mota, lasifika ta yi tari ta mutu. Ya dube ni. "Malam, ara mini maƙogwaro."

Kawu ya miƙe, ya gama gaisuwa har da tambayar shanu, sannan ya ce, "Alhaji, ruwan ga zai ci fadamarmu ko kuwa?"

Alhaji ya sunkuyo ya ce da ni, "Ce musu za mu duba."

To, kowa ya san mai ɗaga murya yakan ƙara gishiri. In mai gida ya ce ya gode, sai ka ce ya gode har zuriya. Kuma "za mu duba" ba jimla ba ce da mai takardar malanta zai furta a gaban dangin uwarsa. Na gyara tsayuwa na ce muddin Alhaji na numfashi a majalisa, ruwa ba zai jiƙa ko kunya ɗaya ta fadamar nan ba. Aka yi guɗa. Alhaji da kansa ya tafa mini.

Da za mu tashi, kawu ya kama hannuna. "Ɗana, ni ban san mutumin ga ba. Hakanan ya ce?"

"Kusan haka, Kawu."

"Tunda daga bakinka ta fito, ta zauna."

Ya mayar wa surukinsa tayin, ya dasa mangwaro a fadama.

Ruwan madatsa ya zo a kan lokacinsa, ya cinye fadamar. Tudu kuwa tuni aka rabe shi. Kawu ya ƙare rayuwarsa yana ƙodago a gonakin mutane wajen Bakura, kuma duk ziyarar da na kai masa sai ya ba ni haƙuri. "Sun cuce ka, ɗana. Sun sa ƙarya a bakin mai ilimi." Ni kuma in sunkuyar da kai cikin ladabi.

Alhaji ya ci zaɓe, ya yi zamansa a majalisa, kuma iya sanina bai yi wa ƙauyen nan ƙarya ko sau ɗaya ba. Daidai inda aka dasa mangwaron nan ake kamo tarwaɗar da nake saye ran Talata.